Ga ƙanena mai son riƙe karen Sherif a Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Wai ka ga bidiyon karen 'yan sanda yana kayar da ɓarawo, kuma tunda kai ɗan farauta ne tun kana yaro, in nemo maka makaranta ka zo, kana karatu kana riƙe kare a ofishin Sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma. To ka buɗe kunne, ba zan maimaita ba.

Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka ka yi aiki, shi ma a cikin makaranta. Sherif kuwa mutanen gunduma ne ke zaɓensa, kuma a yawancin jihohi sai ɗan ƙasa ake ɗauka aikin ɗan sanda. Ɗan ƙasar ma sai ya yi shekaru yana sintiri kafin a damƙa masa kare. Sannan ba a barin karen a ofis in an tashi. Gidanka zai kwana, motarka zai wuni, kai za ka kwashe kashinsa. Ka fara tambayar yarinyar da kake nema ko ta yarda. Ba kuma irin naka ba ne mai cin ƙanzo: yawanci malinuwa ne na Beljiyam ko karen Jamus, da dama daga Turai ake sayo su, har umarni da Jamusanci ake ba wasu.

Abin da ya shafe ka shi ne yadda za ka tsaya in ya tunkaro ka. Halinmu na gida, kare ya yi haushi ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse, ka bar shi a filin jirgin Kano. A nan in ka duƙa da sauri cewa za a yi bindiga kake lalube. In ka ruga, an koya masa ya kama hannu ko ƙafa ya riƙe har sai mai shi ya ce ya saki. In ka kashe shi a jihar Fulorida, tun 2019 ɗaurin yana iya kaiwa shekara 15. Da idona na ga an tsayar da motoci a titi ana rakiyar gawar kare, 'yan sanda a jere suna sara masa. Ranar kasa cin abinci na yi, don na tuna yadda muke bin 'yan'uwa muna karo-karo kafin mu binne mutum a garin nan.

Ni kaina an taɓa tsayar da ni da dare saboda fitilar baya. Aka zagaya motata da kare, ya je wajen but ya zauna, zaman nan kuwa shi ne shaidarsa. Kotun Ƙoli ta ce a 2013 alamar kare mai horo ta isa hujjar bincike. Suka zazzage min kaya a bakin hanya cikin sanyi, daddawa da yaji da kuka duk a ƙasa, wani yana shinshinar ƙullin kukar yana kallona. Ba su ga komai ba, ko sannu babu. Abin da doka ta ba ka kaɗan ne: tun hukuncin 2015 ba su da ikon tsare ka bayan an gama maganar tikiti don kawai su jira isowar kare, sai da dalili. Wannan ma a kotu ake faɗarsa, ba a bakin titi da ɗaga murya ba.

Kada ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ba, kada ka ɗauki abokin da ke busa wiwi ko da jihar ta halatta, don a dokar tarayya laifi ce kuma biza a hannun tarayya take. Da irin wannan kaffa-kaffa na samu takarduna, ba wanda ya ba ni a faranti.

In karatun kake so da gaske, turo min sakamakonka na WAEC mu duba. Kilishin da Inna ta ce za ta ba ka ka kawo min kuwa, ka cinye shi a gida. Akwai wasu ƙananan karnuka masu dogon kunne a filin jirgi da nama da 'ya'yan itatuwa da makamantansu suke farauta.