Filin Gareji: Wane inji zan saka wa Camaron Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Maigida. Daga unguwar Yelwa nake rubuto maka, nan Garwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Chevrolet Camaro ƙirar 1986 mai giyar otomatik, wadda ya saya hannun wani bature da ya yi aikin auduga. Da ita nake zuwa shago kullum, wata-wata kuma in leƙa surukaina a Ngaundare. Yanzu tana hayaƙi shuɗi, tana shanye litar baƙin mai duk mako biyu. Makanikina ya ce mu saka injin Lexus. Ƙanena mai kallon YouTube ya ce LS ko a fasa. Wani abokina kuma ya ce in saka na Land Cruiser mai gazuwal, wato dizal, in huta. Ni ba tsere nake so ba, so nake ta tashi kowace safiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai rahama kabarin Baba. Maganarka ta ƙarshe na riƙe, da ita zan auna shawarar mutanen nan uku.

Mu sallami abokinka tukuna. Injin da yake nufi 1HZ ne, lita 4.2, silinda shida a jere. Yana da amana, amma don doguwar motar daji aka ƙera shi. Hancin Camaro a kwance yake, bonet ba zai rufu ba sai an yanka shi, nauyin zai danne ƙafafun gaba, ƙarfin kuma doki 130 ne ko kusa, bai ma kai wanda za ka cire ba. A bar shi inda yake.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. LS, injin Chevrolet mai silinda takwas, ya fito a Corvette a 1997, ya shiga Camaro daga 1998 zuwa 2002, kuma ɗan'uwansa mai lita 5.3 ya cika motocin Silverado da Tahoe da Suburban, da doki 270 zuwa sama. A Amurka araha ne, shi ya sa kowa ke yabonsa. Amma ka tambayi ƙanen naka ko ya taɓa ganin mai bidiyon yana jiran kaya wata biyu daga Duwala. Kwanon baƙin man 5.3 zurfi gare shi, sai ka nemo na Camaron 1998 zuwa 2002. Kabureta ɗinka matsin fetur da bai kai rabin bar ba yake buƙata, LS kuwa bar 4 yake so, wato sabon famfo cikin tanki da sababbin bututai, kuma a irin motarka tankin ba ya fita sai an sassauto ƙafar baya. Ƙwaƙwalwar injin tana da makullin hana sata, sai mai kwamfuta ya cire shi kafin injin ya yarda ya ci gaba da aiki. In ka samu Tahoe guda da ta yi hatsari, da giyarta da wayoyinta da ƙwaƙwalwarta, sai mu sake zama. Inji tsirara daga kwantena kam, a'a.

Shawarar makanikinka ce ta fi jan hankali, kuma ita na fi tsoro, don na taɓa binta. 1UZ, wanda Toyota ta fitar da shi cikin Lexus LS400 a 1989, lita 4 ne, silinda takwas, jikin alminiyam, doki 250. In yana aiki sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Kayansa kuwa daga Jimeta har Ƙofar Ruwa a Kano ba su da wuyar samu. Da wannan hujjar na saka shi a wata tsohuwar motar Amurka da nake da ita a da. Injin bai taɓa ba ni kunya ba, ko sau ɗaya. Ɗinkin da muka yi masa ne ya riƙa zubar da ni a hanya. Kansa faɗi gare shi, sai da muka sake kujerun inji da walda. Giyar Chevrolet ba ta kama shi, muka saka tasa ta Toyota, muka yanke farfela muka sake haɗawa, ta riƙa kaɗawa da zarar na wuce tamanin. Mai rewaya ya haɗa wayoyin Japan da na Amurka, launi bai zo ɗaya ba, taswirar kuma a kansa kaɗai take. Ranar da motar ta mutu mini a hawan dutsen falez, hanyar Ngaundare, da iyali a ciki, waya ɗaya ce ta goge a jikin ƙarfe. Mai rewayan ya koma garinsu. Kwana uku wani yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Fulogin Lexus kowa na sayarwa, amma babu shagon da ke sayar da waldar da aka yi maka a ƙarƙashin bishiyar maina.

Don haka ni 350 zan ce ka nema, wato Chevrolet mai lita 5.7. Da tsohuwar zuma ake magani. Injin da ke motarka 305 ne, lita 5, kuma shi da 350 uwa ɗaya uba ɗaya suke, zuriyar da ta faro tun 1955. A cikin Camaro ma 350 ya fara fitowa, a 1967. Daga waje girmansu ɗaya, faɗin silinda ne ya bambanta. Kujerun inji, giyarka, farfela, salansa, duk za su zauna ba tare da an kunna injin walda ba. Wanda na fi so shi ne Vortec na Tahoe da Suburban na 1996 zuwa 1999, mai doki 250 zuwa 255. Larabawan Gulf sun hau Suburban da Caprice sosai, saboda haka ɗan kasuwar da ke zuwa Sharja zai iya samo maka, ko a duba Ladipo a Legas. Abu biyu za ka haɗo da shi: marfin sama na ɗora kabureta wanda aka yi musamman don kan Vortec, don naka ba zai hau ba, da ƙaramin famfon mai na lantarki. Famfon nan ka ɗaura shi kusa da tanki. A zafin Afrilu na Garwa, da ya wuce digiri 40, fetur kan tafasa cikin bututu, famfon da ke turowa daga baya shi ke maganin wannan.

Wani zai ce ai kabureta tsohon yayi ne. Haka ne, kuma ya fi shan mai. Ka sa ran lita 15 ko fiye a kilomita 100 cikin gari, lita kuma ta kai sefa 840 a gidan mai a Fabrairun 2024. Amma ni da kai mun san wata rana zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, za ka sha a bakin titi, da ƙurarsa da ruwansa. Kabureta a kwance shi a wanke a faranti cikin awa ɗaya. Allurar mai ta zamani in ta toshe, sai an nemo wata.

Kafin ka biya, a gwada matsin kowace silinda a gabanka, a buɗe marfin bawul ka ga ko akwai baƙin laka. A kwali ɗaya da injin ka sa a zo maka da famfon ruwa, gaskit, fulogi da wayoyinsu, ka ajiye a ɗaki.

Akwai wata siririyar waya da ta tashi daga kabureta zuwa giyarka, 700R4. Yawancin yaran gareji ɗauka suke ta sauke giya ce kawai, su bar ta sako-sako. Ita ke daidaita matsin man giyar. In ba a saita ta daidai ba, giyar za ta ƙone kafin ka je Marwa ka dawo. Ka tsaya a kansu ranar. Lagireto kuma a saka sabo mai kauri, kada a cire tamostat, kada a zuba ruwan rijiya. Ƙafar bayan wannan Camaro ba ta da ƙwari sosai, doki 255 za ta ɗauka, amma ban da barin ƙanenka ya riƙa ƙona taya da ita.

Sai takarda. Ƙarfin injin da ke rubuce a kart griz, wato takardar rajistar mota, da shi ake lissafa inshora da harajin vinyet, don haka ka je a gyara, ka riƙe rasit ɗin injin a mota saboda shingen jandarma. Tsohon 305 kuwa ka tsiyaye mansa, ka rufe shi da leda a zaure. Da shi Baba ya yi yawo.

TAMBAYA: Maigida, daga Kuseri nake. Ina da Ford Mustang 2006 mai silinda shida, ina so in mayar da ita takwas.

AMSA: Ɗana, ka sayar da ita ka nemi GT ta shekarar. Taka doki 210 ce, GT mai lita 4.6 doki 300, kuma Ford ta ba ta birki da ƙafar baya da suka fi naka girma. Kafin ka sayo waɗannan ɗaya-ɗaya ka tsallako da su gadar Ngeli daga Njamena, kuɗin ya wuce na motar.