Tambayi Likita: Kafin ka biya kuɗin keke, bari jikinka ya gwada shi

Tambaya: Likita, shekarata 47, ina fama da ciwon gwiwa, an ce in riƙa hawa keke. Me zan duba wajen saye? Daga wani malamin makaranta, Angwan Rogo, Jos.

Amsa: Malam, shawarar da aka ba ka daidai ce, domin a kan keke sirdi ne ke ɗaukar nauyin jiki, gwiwa juyawa kawai take yi. Amma keken da bai yi maka daidai ba sai ya ƙara maka ciwon. Da farko ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Tsakanin ƙarfen sama da gabanka a sami tazarar yatsu biyu ko fiye. In ya tokare ka, keken ya yi maka girma, ko da mai shago ya rantse za ka saba.

Sai sirdi. Ka zauna, wani ya riƙe maka kan keken, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Tsayin da ake so ke nan. Ciwo a ƙoƙon gwiwa galibi sirdi ne ya yi ƙasa. Ciwo a bayan gwiwa, ko ƙugu na karkata dama da hagu, ya yi sama. A gyara da santimita ɗaya, a sake gwadawa.

Jos gari ne na hawa da gangara, don haka mai ciwon gwiwa ya nemi keke mai giya. Kada ka tsaya ga zagaye gaban shago. Ka roƙi minti 15, ka nemi tudu, ka sa giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri ba ana dannawa da ƙarfi ba. A gangara ka kama birkin gaba da na baya, kowanne shi kaɗai, a hankali.

Tambaya: Gaskiya ne keke na rage ƙarfin namiji? Daga wani ango, Bukur.

Amsa: Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Hawa na zuwa aiki ko kasuwa ba abin tsoro ba ne. Motsa jiki ma taimakon magudanan jini yake yi. Inda matsalar take shi ne sirdi siriri, ko wanda bakinsa ya ɗaga sama, yana danne jijiyoyin da ke tsakanin dubura da maraina. Alamarsa ita ce wurin ya mutu ko ka ji kamar ana tsikara da allura. Nauyinka ya sauka kan ƙasusuwan zama guda biyu, sirdin kuma ya kwanta daidai. Kada katifar sirdi mai laushi ta ruɗe ka: nutsewa take yi, ta matse tsakiya. A doguwar tafiya ka riƙa miƙewa kan feda duk bayan minti 10. In mutuwar wurin ta kwana ba ta sake ba, ka zo asibiti.

Tambaya: Mahaifinmu yana da hawan jini da ciwon suga, muna so mu saya masa keke. Daga 'yarsa, Farin Gada.

Amsa: Allah ya yi miki albarka. A fara auna jinin Baba. In ya kai 180/110, a dakata sai an daidaita shi. A zaɓi keken da zai zauna a miƙe, mai ƙarfen tsakiya ƙasa-ƙasa don sauƙin hawa da sauka, kuma shi da kansa zai je ya gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, amma ya soma da minti 10 a fili. Idan yana allurar insulin ko shan maganin suga na glibenclamide, suga na iya faɗuwa a hanya. Ya sa dabino ko alewa a aljihu, kada ya fita da yunwa. Ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa in ya dawo. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama, ya sauka nan take, a kai shi asibiti.

Tambaya: In saya wa yarona babban keke don ya girma da shi?

Amsa: A'a. Yaron da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, yatsunsa ba sa kai wa birki, faɗuwa zai yi. A saya daidai shi, a haɗa da hular kwano da za ta zauna yatsu biyu sama da gira.