Amsa kan haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa

Ɗan'uwa, ka ce mai ɗakinka ta haihu wata biyu ke nan, numfashinta yana yin sama-sama, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya barci sai ta jingina da matashin kai biyu ko uku, kana tambaya ko asma ce. A ganina, a fara duba zuciyarta kafin a ɗora wa huhu laifi. Idan ɓangaren hagu na zuciya ya raunana, jini yakan taru a jijiyoyin huhu har ruwa ya tsattsafo cikin 'yan jakunkunan da ke karɓar iska, shi ya sa kwanciya rigingine take ƙara mata haki.

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan wannan ciwo a tsakanin masu jego, kuma gishirin da ke cikin kunun kanwa yana sa jiki ya riƙe ruwa. Don Allah ka kai ta asibiti yau, a ɗauki hoton ƙirjinta da na zuciyarta, kuma ta dakatar da shan kanwa har likita ya gan ta.