Filayata Tana Cin Tagullar Waya: Jabu Ce Ko Ni Ne Ban Iya Ba?

Tambaya: Ina koyon aikin wayarin a Zariya. Na sayi filaya mai aiki da yawa, wadda ke yanka waya tana kuma ɓare robarta, a bakinta akwai ramuka masu lamba 10, 12, 14, 16 da 18. Duk lokacin da na ɓare waya mai 2.5 a ramin 14 sai ta yi wa tagullar rauni. Jabu ce? Kuma tunda hannunta roba ne, zan iya taɓa waya mai wuta da ita?

Amsa: Malam, da alama filayarka lafiyarta ƙalau, lambobin ne ba na ma'auninmu ba. Waɗannan lambobi na ma'aunin Amurka ne da ake kira AWG, wanda a cikinsa ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, alhali wayar da ake sayarwa a kasuwanninmu da girman filin bakin tagullarta a murabba'in milimita (mm²) ake auna ta, ba da kaurinta ba, wato 1.5, 2.5, 4, 6 zuwa sama. Kaurin tagullar waya mai 2.5, idan sanda ɗaya ce, ya kai kusan milimita 1.8, ramin 14 kuwa an yi shi ne don wayar da ba ta wuce 1.6 ba sosai, don haka dole haƙoran su nutse cikin ƙarfen. Ka koma ramin 12, wanda ya ɗan haura milimita 2. Waya mai 1.5 ta fitilu ita ce za ka sa a 14, mai 4 kuma a 10. Idan wayar mai silili ce, takan fi sanda ɗaya cika rami, shi ya sa wasu filayoyin ke da jerin lambobi biyu, ɗaya na kowace iri.

Wannan raunin da kake gani bai kamata a raina shi ba. Tagullar da aka zage takan karye daidai wurin idan an lanƙwasa ta za a ɗaura a soket, kuma silili biyu ko uku da suka tsinke sun rage hanyar da wuta za ta bi, sai wurin ya riƙa ɗumi duk sanda aka jona dutsen guga ko hita, har robar ta fara narkewa a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Idan ka ga rauni, ka datse wurin ka sake ɓarewa. Wajen ɓarewar kuma ka matse sau ɗaya, ka ɗan sassauta, sannan ka ja robar a miƙe ba tare da karkata hannu ba. Wuƙar yankan an yi ta ne don tagulla da alminiyom. Ranar da ka datse ƙusa ko wayar ƙarfe da ita, ranar bakinta zai yi giɓi.

Game da tambayarka ta biyu, amsar ita ce a'a. Robar da ke hannun yawancin filayoyi don daɗin riƙo aka sa ta. Wadda aka ƙera don kare mai aiki tana ɗauke da rubutun 1000V da alamar kusurwa-uku guda biyu da lambar ƙa'idar IEC 60900, kuma sai an gwada ta da bolt 10,000 kafin ta bar masana'anta. Ko irin wannan ce a hannunka, da zarar robar ta tsage kariyar ta tafi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta isa ta kashe mutum, don haka ka kashe babban makunni, ka tabbatar janareta ko inbata ba sa mayar da wuta cikin layin, sannan ka gwada wayar da testa kafin filaya ta taɓa ta.