Fitilar inji bayan canjin bel ɗin taimin: kada a goge ta kafin a karanta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun bayan Isha, sai yanzu na samu zama. Ka ce Hyundai Accent ce ta 2009, ka kai ta warsha, wato gareji, a Sina'iyya, unguwar makanikai, aka canja bel ɗin taimin mai daidaita motsin bawul da fistin, wanda mutanen nan Saudiyya ke kira sair taimin, ka karɓo ta lafiya lau, washegari kana hanyar aiki fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama. Motar tana ɗan rawa a silo, wato in tana tsaye inji na aiki, ƙarfinta ya ragu, shi kuma mu'allimin, wato babban makanikin, ya ce ka kawo ya cire kan batir fitilar ta mutu.

Don Allah kada ka yarda a cire kan batir ɗin nan, kuma kada ka bari kowa ya goge komai da kwamfuta tukuna. Fitilar ba ita ce cutar ba. Kwamfutar motar ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta rubuta lambarsa ta ajiye, har da yanayin da injin yake ciki a lokacin: gudunsa, zafinsa, nauyin da yake ja. In aka goge, shaidarka ta tafi, fitilar kuma za ta dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, a lokacin sai a ce maka ai wata sabuwar matsala ce. Kada kuma a ruɗe ka da cewa da laifin aikin ne da tun a warsha za ta kama. Akwai matsaloli da yawa da kwamfutar ba ta kunna musu fitila sai ta gan su a tafiya biyu a jere, shi ya sa ka ga sai washegari.

Da farko dubi fitilar da kyau. In a tsaye take, ba ta motsi, za ka iya lallaɓawa a hankali zuwa wurin mai fahas, wato binciken mota da kwamfuta, mafi kusa. In kuwa ƙiftawa take yi, to wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana dafa katalis, na'urar da ke tace hayaƙi. Ka faka ka kira sadaha, wato motar ɗaukar mota, ta ɗauke ta. Haka nan in ka ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe daga saman inji, kashe ta nan take. Injin Accent na waɗannan shekarun irin wanda fistin da bawul suke amfani da wuri ɗaya ne, bel ɗin ne kawai ke hana su haɗuwa. In taimin ya goce da yawa, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan silinda.

Je wurin wani kahraba'i daban, wato mai gyaran wayarin mota, ba wanda ya yi aikin ba, ya jona na'urarsa a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka ɗauki hoton allon da wayarka. Lambar kake so, harafi da alƙaluma huɗu, ba bayanin baki ba. In ka ga P0016, kwamfutar na cewa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ba sa tafiya tare yadda aka tsara, kuma bayan sabon bel wannan kusan kullum haƙorin bel ne ya goce daga gurbinsa a giya. P0335 na sensan kiranshaf ne, P0340 na sensan kamshaf. P0300 zuwa P0304 rashin ƙona mai ne a silinda. P0171 kuma iska ta yi wa fetur yawa, galibi wani tiyo aka manta ba a mayar ba ko ya tsage wajen cirewa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don shi ya koya mini wannan. Ina da Sonata 2004 mai inji 2.4, na kai ta aka canja bel kafin azumi. Kwana huɗu tana tafiya sumul. Ranar da na ɗauki iyali za mu Makka umara, mun wuce Bahra fitilar ta kama, motar ta yi wata fizga ta ci gaba. Kafin mu kai Shumaisi ta mutu gaba ɗaya, ga harami a jikina, ga yara a baya, ga rana. Da aka mayar da ita Jidda kwamfuta ta nuna P0335, wanda ya yi aikin ya ce sensa ce ta tsufa, in sayo sabuwa. Na ce a buɗe murfin bel ɗin a gabana tukuna. Ana cire murfin ƙasa sai ga baƙin gari kamar na gawayi ya taru a ciki. A irin wannan injin sensar tana bayan murfin ne, dab da bel. Wayarta ba a mayar da ita cikin maƙalinta ba, ta kwanto, bel yana gogarta a kowane juyi har ya cinye robar, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli kamar an goge shi da yashi. Da na sayo sabuwar sensa aka ɗaura ta a haka, da bayan mako guda na sake tsayawa a titi. Har yau in na tuna yaran nan a gefen hanya raina yana ɓaci.

Amma yadda ka kwatanta taka, rawa a silo da rashin ƙarfi, zuciyata ta fi karkata ga haƙori ɗaya. Kiranshaf yana juyi biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, kuma kowanne yana da alama a jikin giyarsa da dole ta tsaya daidai da alamar da ke jikin inji. Wajen sakin tenshina, wato abin da ke tsaurara bel ɗin, bel yakan ja kamshaf ya matsa haƙori ɗaya ba tare da an lura ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce bayan an ɗaure a juya injin da hannu sau biyu a sake duba alamun. Mai gaggawa, wanda motoci biyar ke jiransa kafin Magariba, wannan matakin yake tsallakewa. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, amma bawul yana buɗewa kafin lokaci ko bayan lokaci. Sai ka ji ta yi nauyi a hawan gada, musamman in ka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, man ma ya riƙa gudu.

Gane wannan ba ya buƙatar sauke inji. A cire murfin sama, a juya kiranshaf da sifana har alamarsa ta zo daidai, kai da kanka ka haska fitilar waya ka dubi alamar kamshaf. Ko ta hau ko ba ta hau ba, ido zai nuna. Tun da an buɗe, a duba tsaurin bel ɗin, a ga ko gefensa ya fara cinyewa, a ga ko mai yana ɗiga a kansa daga sil, robar da ke tare mai. Ka kuma tambaya ko an canja tenshina da aidila, garewar da bel ke bi ta kanta, tare da bel ɗin, ka nemi a nuna maka tsofaffin. Sabon bel a kan tsohuwar tenshina yakan yi sako-sako ya tsallake haƙori daga baya.

Kafin ma ka je ko'ina, buɗe bonet da safe injin yana sanyi, ka bi soket-soket da hannu, na kusa da matatar iska, na koyil, na sensan kamshaf. Danna kowanne ka ji ya ce ƙas. Na sha ganin motar da duk matsalarta soket ɗaya ne da aka zura ba a danna ba.

In ka koma wurin mu'allimin, tafi da fatura, wato rasit, da hoton lambar, ka yi masa magana cikin mutunci, ba a gaban yaransa ba. Ce masa kafin aikin babu fitila, ga abin da kwamfuta ta nuna, a duba alamun tare. In haƙorin ne, gyaran a kansa yake, ba kuɗin hannu kuma. Bayan ya gyara sai a goge lambar, ka yi kwana biyu kana yawo da ita cikin gari kafin ka hau hanyar Makka ko Madina.

Gobe in ka karanto lambar ka turo ta nan yadda take, tare da kilomitar motar, in sha Allahu sai mu ga inda za a fara buɗewa.