Karatu a Manyan Jami'o'in Amurka: Ina Talaka Zai Samo Kuɗin?

Tambaya: Malam, ɗana ya ci jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE da sakamako mai kyau, yanzu ya nace sai Harvard, ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Shin wannan buri ne ko mafarki? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yaron albarka. Gaskiya ne kuɗin makaranta da masauki da abinci a irin waɗannan jami'o'i ya haura dala 80,000 a shekara, amma ba kowa ne ke biyan hakan ba. Harvard da Yale da Princeton da MIT ba sa duba aljihun ɗalibi yayin tantancewa, ko da daga Ghana ya fito, kuma idan sun ɗauke shi sukan cike abin da iyayensa suka gaza biya. A 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansu zai yi karatu kyauta.

Wahalar tana wajen samun gurbin, domin cikin masu nema ɗari, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyar ba. Za a kuma nemi shaidar kuɗin shigarku, saboda haka ki fara rubuta cinikin shagonki a littafi tun yanzu, ki guji dillalan da ke karɓar kuɗi da alƙawarin gurbi.

Kada kuma ya raina na gida, domin gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi a jami'o'in KNUST da Ashesi da ke Ghana.