Kafin ku miƙa wa mai gina ɗakin sanyi kuɗinku

Tumatirin rani ya fara fitowa, kowa kuma ya san yadda Fabrairu da Maris ke karya farashi. Shi ya sa tambayoyin da masu karatu suka aiko a wannan karo kusan duk a kan ɗakin sanyi na ajiye kayan gona suka tsaya.

Wani manomin rani daga Ikara ya ce ƙungiyarsu ta tara kuɗi za su gina ɗakin sanyi. 'Yan kwangila biyu sun kawo farashi, na ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Yana so ya san yadda za su gane wanda ya iya aikin, da lasisin da ya kamata su nema.

Malam, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Ku fara da takardu. Na farko, rajistar kamfani da hukumar CAC, don ku san wanda za ku kama idan abu ya ɓaci; ana iya duba sunan kamfanin a shafin hukumar ta waya. Na biyu, wanda ya tsara aikin ya kasance yana da rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan. Wanda zai ja waya ya haɗa wuta kuwa, hukumar NEMSA ce ke ba shi shaidar ƙwarewa. Masu haɗa injin da hannunsu ku tambaye su takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko katin ƙungiyar masu aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki, wato NARAP.

Amma ni abin da na fi dubawa shi ne tambayoyin da ɗan kwangilar zai yi muku. Wanda ya san aikinsa ba zai faɗi kuɗi ba sai ya ji kwando nawa zai riƙa shiga a kullum, da ƙarfe nawa ake kawo shi daga gona, da yadda ake yawan buɗe ƙofa. Tumatirin da aka tsinka da azahar yana shigowa da zafin rana a jikinsa, kuma cire wannan zafi shi ne babban aikin injin. Wanda ya auna faɗin ɗaki kawai ya yanka muku farashi, ku yi masa godiya ku sallame shi.

Sannan ku ce ya kai ku inda ya taɓa yin aiki, wanda ya shekara yana gudana. Ku je da tsakar rana, ba da sanyin safiya ba. Ku shafa robar bakin ƙofa ku ji ko iska mai sanyi na fita. Ku duba ƙasa ko ruwa na kwanciya, ku duba bututu ko ƙanƙara ta daskare a kansa. Ku keɓe da mai ɗakin ku tambaye shi: ranar da injin ya tsaya, kwana nawa mutumin nan ya yi kafin ya zo?

Bambancin farashin nan da kuka gani, galibi a wuri uku yake ɓuya. Kwamfreso, wato zuciyar injin sanyin, sabo ne ko ɗan Kwatano? Kaurin fanel na bango, wato allon da ke hana zafi shiga, nawa ne? Ɗakin kayan lambu milimita 100 ake so, mai araha kuma yakan rage kaurin, ku kuma ku biya bambancin a kuɗin wuta har ƙarshen rayuwar ɗakin. Na uku shi ne gas ɗin da injin ke amfani da shi. Idan R22 ne, ku ƙi. Ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ana rage shigo da shi mataki-mataki, da nufin a kusan daina shi baki ɗaya a 2030, don haka kullum sai ƙara tsada. R290 yana aiki da kyau kuma ba ya cin wuta sosai, sai dai yana kamawa da wuta, ba kowane mai gyaran firji ya kamata ya taɓa shi ba.

Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, shi ya sa ɗan kwangila ba ya yarda farashinsa ya daɗe a takarda. Wannan ba zamba ba ce. Ku dai rubuta yarjejeniya da sunan kowane inji da lambarsa da tsawon garanti, ku biya kashi-kashi, ku riƙe cikon har sai an cika ɗakin da kaya ya yi kwanaki yana riƙe da sanyin da aka yi alkawari.

Wani daga Kubau ya tambaya ko zai iya ajiye tumatir daga Maris zuwa Yuni, lokacin da kwando ke tsada.

A'a, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka kada ka ci bashi a kan wannan lissafi. Tumatirin da ya ƙosa amma bai yi ja ba yana son digiri 12 zuwa 13, zai kai mako biyu zuwa uku. Wanda ya nuna, mako guda ko ɗan sama da haka. Idan aka sauke sanyin ƙasa da digiri 10 don a ƙara masa kwana, sai ya yi tabo, ya ƙi nuna yadda ya kamata, ya ruɓe da zarar ya fito. Amfanin ɗakin shi ne ka tsallake ranar da kasuwa ta cika, ka tara lodin mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ba tare da rabi ya zama ruwa ba. Mai son kai kaya Yuni, shanya ce hanyarsa.

Kada kuma a cusa komai ɗaki ɗaya. Kabeji da karas kusa da digiri 0 suke so, sanyin da zai lalata tumatir da tattasai. Albasa kuwa a matsakaicin sanyin ɗakin tumatir tsiro take yi. Rumbu mai iska ya fi mata.

Wata Hajiya mai sarin kayan miya a Kawo ta ce: wace wuta ta fi dacewa da ɗakin sanyi, ta Kaduna Electric, janareta ko sola?

Hajiya, a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, daga kusan Naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Galibin ƙauyukan da ake noman ma ba su cikin wannan rukuni. Dizal zai cinye ribar kayan miya. Sola tana da tsada a farko, amma lokacin da tumatir ya yi yawa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ki matsa wa ɗan kwangila ya nuna miki a rubuce yadda batir zai riƙe ɗakin daga magariba zuwa hantsi, domin nan ne 'yan kwangila ke yawan rage kayan aiki. Ki kuma yi lissafin abin da zai cika ɗakin da damina. Ɗakin da ke aiki wata uku ya zauna wata tara ba zai mayar da kuɗinsa ba, sai in za ki riƙa karɓar ajiyar 'yan kasuwa ana biyan ki kan kowane kwandon roba a kullum, kamar yadda kamfanin ColdHubs ke yi a kasuwanni.

Idan jarin bai kai ba, ɗakin gawayi da ake jiƙawa da ruwa, ko randa cikin randa da yashi mai laima a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, suna ƙara wa kaya kwanaki a lokacin hunturu da bazara. Da damina ba sa aiki sosai, saboda iska ta riga ta cika da laima.

Mai kiwon kaji daga Zariya ya tambaya ko sai ya kira ɗan kwangila ya sa masa na'urar ɗumama 'yan tsaki. In ba dubbai kake sakawa ba, ba sai ka kira ba. A makon farko suna son digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Tukunyar gawayi ta isa, muddin an bar gawayin ya ruru a waje kafin a shigar da shi, an kuma bar kafar iska a sama. Ka rataye ma'aunin zafi daidai tsayin tsakin, ka duba su da tsakar dare: in sun cunkushe a gindin tukunya sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa.